Intanet ɗin gida na mutuwa bayan isha'i: in kai a “buɗe” mini layi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Ina biyan kuɗin intanet ɗin gida kowane wata ba fashi. Da safe lafiya lau yake gudu, amma da an sallame isha'i sai ya zama kamar babu, alhali sandunan rezo a cike suke. Ɗiyata tana bin darasi ta bidiyo da dare, hoto ya tsaya, murya ta yanke, ga jarrabawa ta matso. Wani mai gyaran waya ya ce in kawo akwatin wifi da wayar yarinyar da jika biyar, zai “buɗe” mini layin. Kamfani ne ke cutata, ko in kai masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba yarinya sa'a. Kada ka kai masa, ko kyauta ya ce zai yi.

Tunda da safe yana gudu, akwatinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ke damunka cunkoso ne. In layin waya ne ya shigo gidanka, irin wanda aka gada tun zamanin Sonitel, tsohon kamfanin tarho na ƙasa, layukan unguwa duka suna haɗuwa a na'ura ɗaya a cibiyar tarho, daga nan su bi hanya guda su fita. In akwati ne mai cin SIM, kai da duk wanda ke ƙarƙashin eriyar kuke rabon abin da take iya ɗauka. Kamar famfo ne: bututun gidanka bai toshe ba, kowa ne ya buɗe nasa lokaci ɗaya. A ƙaddara hanyar tana ɗaukar mega 100 a daƙiƙa, gidaje 50 suka kunna bidiyo mai cin mega 5 kowanne. Ana neman 250 ke nan. Sandunan da kake gani kuwa ƙarfin sigina kawai suke nunawa tsakaninka da eriya, ba su san yawan masu rabon ba.

Yanzu maganar “buɗe layi”, wadda kullum sai an zo mini da ita, har ta ishe ni. Babu wani kwaɗo da aka rufe layinka da shi wanda wani mai rumfa ke riƙe da mabuɗinsa. Matsin yana can cikin kayan kamfani, inda hannunsa ba ya kaiwa. Abin da zai yi sananne ne. Zai taɓa APN, wato saitin da ke haɗa SIM da intanet ɗin kamfani, ya kashe akwati ya kunna, ya gwada maka da ƙarfe 11 na safe lokacin da kowa ke kasuwa, ka ga yana gudu ka sa masa albarka. Dare ya yi, ka koma gidan jiya. Ko ya sa maka VPN, manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata na'ura mai nisa, ya ce ta bayan gida take bi. Ta ina? Duk abin da ya fita daga wayarka dole ya ratsa wannan eriya ko wannan cibiya, VPN ɗin ma ƙara masa tafiya take yi zuwa wata ƙasa kafin ya dawo.

Da asarar jika biyar ce kaɗai da ban ɗaga murya ba. Manhajojin “ƙara gudu” da ake turawa daga waya zuwa waya, ba daga Play Store ba, wasunsu da an saka su suke neman izinin karanta saƙonni da ganin hotuna da lambobin mutane. Me ya haɗa gudun intanet da saƙonnin ɗiyarka? Ta saƙon nan ne lambobi 6 na shiga asusun WhatsApp ke shigowa, ta nan ne lambar tabbatar da tura kuɗi ke shigowa. Na sha ganin wanda aka ƙwace wa WhatsApp aka bi danginsa ana roƙon kuɗi da sunansa, wai yana asibiti. Kuma wayar budurwa ce za a bar wa baƙo a buɗe ya wuni da ita. Haba, Alhaji! Masu tallar ƴar na'urar ƙara rezo ma kada su ruɗe ka: sandunanka a cike suke, me za ta ƙara? Maras inganci ma dagula wa maƙwabta sigina take yi.

Shin kamfani na da laifi? Rabon hanya ɗaya tsakanin mutane da yawa haka ake yi a ko'ina a duniya, da ba haka ba kuɗin ya fi ƙarfin kowa. Amma kamfanin da ya ci gaba da sayar da layi a unguwa bai faɗaɗa hanyarta ba, ya ci haƙƙin mutane, kuma shi kaɗai ke iya gyarawa. Wannan daban yake da abin da ya faru a watan Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, Nijar da maƙwabta suka ji a jikinsu dare da rana.

Ka auna gudun da manhajar Speedtest kana kusa da akwati, bayan asuba da kuma ƙarfe 9 na dare, na tsawon mako guda, kana ɗaukar hoton sakamakon. Ka kai ofishinsu a rubuce, ka karɓi shaidar sun karɓa, don “ana kan aiki” na baki ba ya zama hujja. In sun yi shiru, hukumar ARCEP aka kafa don sa wa kamfanonin sadarwa ido, ka kai can. Kafin nan, yarinya ta rage ingancin bidiyon zuwa 360, ta riƙa sauke darussan da asuba, a kuma gwada SIM na wani kamfani da dare, wataƙila eriyarsu ba ta cika ba.