Amsa ga mai shirin ratsa tsaunuka da mota a lokacin kaka

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ce ku huɗu ne da motoci biyu masu jan ƙafa huɗu, kuna so ku yi kwana biyar kuna ratsa tsaunuka a watan Oktoba, a yankin da dusar ƙanƙara ke sauka, kuna kwana a tanti, kuma kana neman shawara kan kayan da za ku saya. Maganar kaya tana tafe, amma ka fara da hanya da agogo, domin nan ne shirin yawancin mutane yake wargajewa.

Kada ka auna tafiyar da kilomita, ka auna ta da awa. A kan hanyar tsauni marar kwalta, mai duwatsu da kwanoni, da wuya ku wuce kilomita 10 zuwa 15 a awa ɗaya idan an haɗa da tsaye-tsaye. Kilomita 60 da ka gani a taswira kamar ba komai, yini guda ne cur. A Oktoba yini yana gajarta kullum, kuma a cikin kwari rana takan ɓuya bayan tsauni awa ɗaya ko biyu kafin faɗuwarta ta gaskiya. Ku tsara tuƙin awa biyar a rana, ku sauka masauki kafin ƙarfe huɗu na yamma. Kowace rana kuma ta kasance da hanyar da za ku bi ku gangara ƙasa idan yanayi ya juya, a rubuce tun daga gida. Ka kira hukumar da ke kula da dajin ka tambayi ranar da take rufe ƙofofin mashigai, saboda a wurare da yawa ana rufe su da zarar dusar farko ta sauka. Ka tambayi dokar kunna wuta da lokacin farauta a kira ɗaya.

Hasashen yanayi na garin da ke gindin tsauni zai yaudare ka idan ba ka yi masa lissafi ba. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau. Idan garin yana kan mita 500 kuma an ce dare zai kai digiri 8, to masaukinku a mita 2,500 zai kai digiri 5 ƙasa da sifili. Da wannan adadin za ka sayi kayan barci. Wani abu kuma: lakar da ta daskare cikin dare tana da tauri da safe, mota ta bi ta wuce lafiya, amma da rana ta narke ta koma santsi. Wuri mai taɓo a bi shi da sassafe. Gefen tsaunin da ke kallon arewa kuwa, a arewacin duniya, yana riƙe ƙanƙara yini guda ko da ɗaya gefen ya bushe ƙayau.

Yanzu mota. Abin da na fi damuwa da shi birki ne, domin kowa hankalinsa na kan hawa, alhali a gangara ake yin mummunan hatsari. Man birki yana shan laima daga iska a hankali. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Mota mai lodi da aka riƙe da birki na minti goma a gangara tana kai wannan zafin. Idan man ya tafasa sai ya zama tururi, ka taka birki ya nutse har ƙasa ba tare da ya kama ba. In man ya wuce shekara biyu a canza shi gaba ɗaya, a duba kaurin takalman birki gaba da baya. A gangara kuma injin ne zai riƙe motar: ka tsaya a saman gangaren, ka sa 4L (giyar jan ƙafa huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali), ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, ka ɗaga ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. In otomatik ce ka kulle ta a giya ta ɗaya da hannunka. Birki sai taɓawa kaɗan-kaɗan. Da zarar kun ji ƙaurin birki ko ya fara laushi, ku tsaya ku bar shi ya huce da kansa. Kada a watsa masa ruwa, faifan zai iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Wajen hawa ka sani cewa injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 1,000. A mita 3,000 kusan sulusin ƙarfin ya tafi, ba lalacewa motar ta yi ba. Ka zaɓi giyarka tun daga ƙasa, kada ka canza a tsakiyar hawa. Idan motar ta gaza, kada ka yi yunƙurin juyawa a kan gangaren, nan ne mota ke kifewa. Ka danne birki, ka sa ribas, ka saki kuloci, ka dawo da baya a miƙe injin yana riƙe da ita. A matsattsiyar hanya mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya. Idan kuma motarka irin wadda ake sa mata 4H (jan ƙafa huɗu na tafiyar yau da kullum) da hannu ce, ka mai da ita 2H (jan ƙafa biyu) da zarar kun hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba tayoyin gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja har haƙoran giya su ci juna.

Taya tana son a rage mata iska a kan duwatsu. Daga 32 zuwa 36 na kwalta ka sauko zuwa 20 ko 22 a gejin iska (ma'aunin PSI). Tayar za ta shimfiɗu, ta rungumi dutse maimakon ta yi tsalle a kansa, girgiza ma ta ragu. Da lodi kada ka yi ƙasa da 18, domin tayar na iya fita daga bakin rim a kwana, kuma kada gudu ya wuce kilomita 40. Kafin kwalta a mai da iskar, don haka kwamfuresa mai aiki da batirin mota dole ce, tare da geji da kayan facin tubles. Ka sauko da safayar ka duba ta a gida, ka gwada jak ɗin ka ga ko yana ɗaga motar da lodinta, ka kuma saka katako mai kauri da zai zauna a kai a ƙasa mai laushi. Sarƙoƙin taya na ƙanƙara ku ɗauka, ku koyi ɗaura su a gida da rana.

Lodi kuma yana da iyaka, an rubuta ta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Mutane, mai, ruwa, kariyar ɗaukar kaya ta saman mota, duk a cikinta suke. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma kowane mutum yana bukatar lita 4 zuwa 5 a rana don sha da girki, wato lita 80 zuwa 100 gare ku huɗu a kwana biyar idan babu inda za ku ɗiba. Masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure tam. Saman mota na marasa nauyi ne kawai; jarkokin mai a kan kariya suna ƙara wa mota saurin karkata a hanyar da ta jirkice.

Lissafin mai ka ninka shi. A 4L mota tana iya shan ninki biyu na abin da take sha a kwalta, kuma ku tsara yadda sulusin mai zai rage muku a ƙarshe. In dizal ce, dizal ɗin lokacin zafi yana fara yin kakin da ke toshe filta idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Ku cika tanki a gidan mai na ƙarshe da ke yankin tsaunin, ku zuba maganin hana daskarewa tun man bai yi sanyi ba, bayan ya yi kauri ba ya aiki. Ruwan lagireto ya zama rabi ruwa rabi maganin daskarewa, wannan yana jure har digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwa zalla idan ya daskare yana fasa injin. Batirin da ya tsufa kuwa a safiya mai sanyi yake mutuwa, a gwada shi kafin tafiya, a riƙe wayoyin jona batir.

Don ciro motar da ta maƙale kuna bukatar shebur, allunan sa wa ƙarƙashin taya, da igiyar ja wadda ƙarfinta ya ninka nauyin motar sau biyu zuwa uku. Ina roƙonka da babbar murya, kada a taɓa rataya igiyar a ƙwallon jan tirela. Yana karyewa ya taso kamar harsashi, ya kashe mutane da dama. A ɗaura a wurin da aka tanada a jikin shasi, kowa kuma ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar. Idan za ku tsallake rafi, mutum ya fara auna zurfinsa da sanda, ku san inda injin yake shaƙar iska, ku bar ruwa ƙasa da nan sosai. Daren da kuka shiga ruwa kada ku ja birkin hannu, zai iya daskarewa. Ku bar motar a giya, ku tokare taya da dutse.

Masauki kada ya zama a ƙasan kwari, domin iska mai sanyi can take taruwa cikin dare, kada kuma ya zama a kan tsororuwa inda iska ke kaɗawa. Ku ɗan hau gefe, inda ranar safe za ta same ku, nesa da busassun itatuwa da busasshiyar korama. Jakar barci tana da adadin digiri biyu ko uku a rubuce a jikinta, ka duba na jin daɗi, ba na iyakar jurewa ba, ka sayi wadda ta kai digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifili. Mafi yawan sanyin daga ƙasa yake shigowa, don haka shimfiɗa ta zama mai lambar R (ma'aunin yadda take tare sanyi) ta 4 ko fiye. Katifar iska marar rufi a ciki ba ta tare shi. Ulu ya fi auduga, saboda auduga in ta jiƙe da gumi tana janye ɗumin jiki. Ku bar tagar tanti a ɗan buɗe don kada numfashinku ya jiƙe kayan. Gas ɗin butan yana daina fita idan sanyi ya kai sifili, ku nemi furofen ko gaurayen biyun. A mita 3,000 ruwa yana tafasa a kusan digiri 90, girki zai daɗe, gas zai tafi da yawa. Murhu, gawayi ko hita mai wuta ba sa shiga rufaffen tanti ko mota ko da sanyi ya kai ina. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa.

Daga mita 2,500 wasu kan fara ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci saboda ƙarancin iska. Daren farko ku kwana ƙasa da haka. Wanda abin ya ƙaru masa, musamman in ya fara tangaɗi ko haki yana zaune, a gangara da shi nan take, ko da dare ne.

Sabis ɗin waya ba ya kaiwa yawancin wuraren nan. Ku sauke taswira a waya, ku riƙe ta takarda, ku sa rediyon hannu a kowace mota, in da hali a samu na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ku bar wa wani a gida hanyar kowace rana, lambobin motocin, da ainihin ranar da awar da zai kira masu ceto idan bai ji daga gare ku ba.

Ka faɗo mana ko motocin fetur ne ko dizal, da tsayin mashigi mafi tsawo a hanyarku, sai a yi maka lissafin mai da na kayan barci daidai. Allah Ya kai ku lafiya.