Wankin Ƙoda: Ina Ruwan Jini da Ruwan Famfo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da muka kawo mahaifinmu Yamai daga Tahoua domin wankin ƙoda. Makon jiya aka ɗage masa wanki zuwa washegari, wai na'urar tace ruwa ce ta samu matsala, alhali injin wankin lafiyarsa lau. Shin ana gauraya jininsa da ruwa ne, ko kuwa dabarar sallamarmu ce kawai? Daga wata mai karatu, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri kan wannan jinya.

Ba a gauraya jinin da ruwa, amma abin da ke tsakaninsu bai kai kaurin takarda ba. Idan kin lura da wata doguwar roba mai kamar gora da ke maƙale a jikin injin, wadda take yin ja da zarar an fara aiki, ita ce ƙodar wucin gadi. A cikinta akwai siraran bututu kusan 10,000 masu kama da gashi. Jini na bi ta cikinsu, ruwan wanki na bi ta bayansu, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa kuma yana ratsa bangon bututun ya faɗa cikin ruwan. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya harhaɗa tasa na'urar wankin ƙoda a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da ledar da ake ɗura nama a ciki, kuma sai a 1945 aka samu majinyaciya ta farko da ta rayu ta dalilinta.

To, ƙofar da datti yake fita, ta nan wani abu zai iya shiga. Mai lafiya yana shan kamar lita 2 a yini, hanjinsa da ƙodarsa suna tacewa, shi kuwa Baba a zama ɗaya na awa 4 kimanin lita 120 ce take gogayya da jininsa ba tare da mai gadi ba. Sinadarin kilorin da ake zuba wa ruwan famfo domin kashe ƙwayoyin cuta yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, alminiyam kuma yana taruwa ya illata ƙashi da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa kowace cibiyar wanki take da ɗakin tace ruwa, inda ake bi da shi ta gawayi na musamman, sannan a matsa shi da ƙarfi ta wani rariya mai tsananin ƙanƙantar ido. Masu kula da wannan ɗaki injiniyoyin kayan asibiti ne, waɗanda 'yan jinya ba su cika sanin da zamansu ba, kuma a ganina wanda ya hana a kunna injin ranar nan ya kyauta muku.

Idan aka sake ɗagewa, ki taƙaita masa ruwa da gishiri, ki nisanta shi da ayaba, dabino da tumatir saboda sinadarin fotashiyam da ke iya rikita bugun zuciya. In kuwa numfashinsa ya fara sarƙewa, ko jikinsa ya saki ƙwarai, ku koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.