Amsa: da me zan wanke faifan birkin keke da na babur?

Malam, kan tambayarka ko fetur zai yi: don Allah kar ka sa, haka ma kananzir da WD-40 (man feshin nan na kwance ƙarfen da ya yi tsatsa). Maiƙo suke bari, birki ya riƙa ƙara yana santsi, ka matsa ya ƙi kamawa.

Ga keke, nemi sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, ka goge faifan da tsumma mai tsabta har baƙin ya daina fita. Babur kuwa feshin wanke birki na gwangwani ya fi, amma kauce wa fenti da robobi.

In mai ya riga ya jiƙa takalman birkin, wanki ba ya ceto su, canza su kawai. Kuma daina taɓa faifan da hannu bayan ka goge.