Kafin ki bari a yi miki aikin rage tumbi

'Yar'uwa, kin ce bayan haihuwa huɗu tumbi ya saki, wani likita a Tunisiya ya ga hotonki a WhatsApp ya ce ki zo kawai, kina tambaya ko ki nemi wani ya duba ki. Wallahi ki nema. Hoto ba ya nuna duk abin da ke ciki, sai likita ya sa hannu ya taɓa cikin zai san ko kitse ne, ko naman ciki ne ya rabu, ko ƙaba ce a cibiya, kuma kowanne aikinsa daban.

Yayata haka ta so yi, da ta je wurin likitan tiyata nan Yamai tambayar farko da ya yi mata ita ce kin gama haihuwa? Don wani cikin zai iya sake buɗe wurin. Sai ya sa aka auna mata suga da hawan jini.

Kada ki faɗa wa likita na biyun abin da na farkon ya ce sai ya gama nasa bayani. Ki tambayi tsawon tabon, musamman in fatarki na yin tabo mai kumbura, da wanda zai duba ɗinkin in kin dawo gida. Kar ki tura kuɗi tukuna don Allah.