RAV4 ko CR-V: wacce Kawunka zai saya?

Ka ce Kawu ya ga jif biyu a Kano, Toyota RAV4 ta 2008 da Honda CR-V ta 2009, duk na hannu, yana so ka zaɓar masa ɗaya. Na ji daɗi da ka tambaye ni kafin ka buɗe baki a gabansa, don kuɗin gumin noma ne zai zuba.

Fara da inda motar za ta yi aiki. Kawu ba a kwalta zai zauna ba. Daga nan Ringim zai shiga gona, ran Alhamis ya nufi kasuwar Maigatari, ga rairayi da rani, ga taɓo da damina. Saboda haka kada ka tsaya kallon fenti. Kwanta ƙarƙashin kowacce ka nemi farfela, wannan doguwar sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya. Da yawa cikin irin motocin nan biyu tayoyin gaba kaɗai ke ja tun daga kamfani, wasu kuma an cire musu farfelar da ta fara ƙara. Dillali zai ce maka duk jif ce. Ni dai wadda ba ta da farfela, a yashi ba ta fi Corolla da komai ba sai ɗan tsayi.

In duk biyun suna da ita, RAV4 ta ɗan sha gaba. Akwai maɓalli a gaban direba da ke kulle tayoyin huɗu su ja tare, yana aiki har mota ta kai gudun kilomita 40 a awa, sannan ya saki da kansa. CR-V ba ta da shi. Sai tayoyin gaba sun fara sulɓi kafin na baya su kama, wani lokacin kuwa kafin nan ta riga ta tona wa kanta rami.

Amma RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu tana da ciwonta, kuma a nan nake so ka nutsu. Injinta mai lita 2.4, wanda ake kira 2AZ, ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin. Sai a 2009 aka canza shi da mai lita 2.5. Je ka same ta da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa, sannan a tayar kana tsaye bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce. Zare fulogi ɗaya ka duba ko ya jiƙe da mai. Murza man da ke jikin sandar awon baƙin mai tsakanin yatsunka: na taɓa raka wani bawan Allah sayen irinta, ashe an ɗura mata baƙin mai mai kauri don a rufe hayaƙin, ban lura ba, kafin wata biyu muka sauke injin a garejin nan. Har yau abin yana damuna.

Injin CR-V, K24, mai juriya ne, ba na kushe shi. Ita dai ba ta son a yi mata gwamutse: man giyarta nata ne na Honda, na aksul ɗin baya ma nata ne daban. Juya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali. In ka ji gurnani daga baya, man ya gaji ko an zuba wanda ba shi ba. Kunna esi kuma, kwamfiresonsu kan mutu.

Kayan gyara duk za ka samu a Ƙofar Ruwa, sai dai na Toyota sun fi yawa, ko makanikin ƙauye ma ya saba da ita.

Ka gaya wa Kawu: in RAV4 tana da farfela kuma ba ta hayaƙi, ita zai ɗauka. In tana hayaƙi, ko an rage masa kuɗi ya bar ta, ya koma kan CR-V. Takardun kwastan kuma ka haɗa lambar shasi da idonka. Ɗauki tocila da sifanar fulogi a akwatina, gobe bayan sallar asuba ku kama hanya.