Ƙanina ya kama shan tiramol, mu kai shi gidan mari?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Dan Allah ƙanina ne ɗan shekara 19, yana jan adaidaita sahu, mun gano yana shan tiramol, kwanaki ma ya faɗi yana ta jijjiga kamar mai farfaɗiya. Yaro ne mai tarbiyya har ya sauke Alƙur'ani, to me ya kai shi? Baba ya ce gidan mari kawai za a kai shi. Daga wata yaya a Kano.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Sana'ar da kika ambata ita ce rabin amsar. Yawancin masu jan adaidaita da 'yan dako da leburori ba don nishaɗi suke fara tiramol ba, don ƙarfi ne. Yaro zai fita tun asuba, ga balas ɗin mai mashin dole ya cika kullum, ga tsadar mai, baya na ciwo, sai abokin aiki ya miƙo masa guda ɗaya ya ce sha ka ga aiki, ya sha ya wuni bai ji gajiya ba, shikenan an fara. Wasu kuma damuwa ce, an gama makaranta ba aiki sai zaman majalisa, wasu rikicin gida, wasu an ce musu tana ƙara daɗewa wajen iyali, ga 'yan siyasa da ke raba wa yara ƙwaya lokacin kamfe sannan su watsar da su. Saukar Alƙur'ani alheri ce babba amma ba ta hana jiki sabawa da ƙwaya in ta shiga.

Kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, abin da ba mu son faɗa. Ko da gwamnati ta haramta sirop mai kodin a 2018 da yawa ba dainawa suka yi ba, wasu ƙwayoyin suka koma.

Faɗuwar nan ita ta fi damuna gaskiya. A asibiti miligiram 50 ko 100 muke rubutawa, na bayan fage kuwa har 225 da 250 ake samu, wani ya watsa uku ko huɗu lokaci ɗaya da lemo. Tiramol in ta yi yawa tana jawo jijjiga ko mutum bai taɓa farfaɗiya ba, to ki duba a ce yana kan titin Zariya da fasinjoji ta zo masa. In kuma yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam numfashi na iya tsayawa cikin barci. Bayan haka sai ramewa, saurin fushi, ɗauke-ɗauke a gida tunda kuɗin aiki ba sa isa, ga kamun NDLEA.

Maganar gidan mari kuwa ku lallaɓa Baba ya haƙura. Wanda jikinsa ya saba, in aka yanke masa lokaci ɗaya zai yi ta hamma, hawaye da majina, gudawa, ciwon gaɓoɓi kamar ana sara, ba barci, mai shan roci ma yankewar kanta na iya sa shi jijjiga. Sarƙa da bulala ba sa maganin wannan, kin dai tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane wasu a ɗaure jiki duk tabo. Da yawa suna fitowa suke komawa ruwa, har da ƙarin tsanar iyayensu.

Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen masu taɓin hankali na asibitin Malam Aminu Kano, kar sunan ya tsorata ku, ba mahaukata kaɗai ake gani a can ba. Za a rage masa a hankali, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa. Kafin nan a karɓi makullin mashin ɗin. Ke kuma tunda yayarsa ce ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban Baba ba, ki tambaye shi guda nawa yake sha a rana da abin da yake haɗawa da shi, ki rubuta ki tafi wa likita da shi. In ya sake faɗuwa ku kwantar da shi ta gefe, kar a tura masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa, a wuce da shi asibiti nan take.