An sallame ni daga aiki a New York, zan iya karɓar kuɗin rashin aiki ina gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, shekara biyu da rabi ina aiki a wani babban sito, sati biyu da suka wuce aka rage ma'aikata har da ni. Ina da girin kad. Abokai sunce in nemi kuɗin rashin aiki na jiha, amma ina tsoro kar ya ɓata min takardun zama ɗan ƙasa. Na biyu, mahaifiyata ba lafiya a Kumasi ina so in je in yi wata ɗaya, wani abokina yace in bar masa lambar sirrina ya riƙa cika min duk sati. Ya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya musanya maka da mafi alheri.

Tsoron farko ka ajiye shi. Wannan kuɗin inshora ce da kamfanin da ka yi wa aiki yake biya wa gwamnati haraji saboda ita, tsari ne da ya samo asali tun dokar 1935, kuma hukumar shige da fice ba ta lissafa shi cikin tallafin da ake cewa mutum ya zama nauyi a kan gwamnati. Guminka ne. Tunda rage ma'aikata aka yi, ba kai ka ajiye aikin da kanka ba, ba kuma laifi ka yi aka kore ka ba, kuma kana da izinin aiki, to ka cika manyan sharuɗɗan. Abin da za su duba shi ne albashinka, ana raba shekara zango-zango na wata uku, sai su ɗauki huɗun farko cikin biyar na ƙarshe da suka kammala, kuma New York tana so ya zama ka samu albashi a zango biyu aƙalla. Kai da ka yi shekara biyu da rabi wannan ba matsalarka bace, sai dai in kuɗi a hannu ake biyanka ba takarda, to nan fa magana ta canja.

Ka shiga shafin Ma'aikatar Ƙwadago ta jihar yau yau ka cika, sati biyun da ka zauna ma an yi jinkiri. Ka tanadi lambar soshiyal ɗinka (Social Security), girin kad, da takardar W-2, wato takardar albashi da haraji da kamfani ke ba ka duk shekara, don lambar kamfanin tana jiki. Satin farko ba a biya. Bayan nan har sati 26 ake bayarwa a New York, ka gode Allah ba Florida kake ba, can sati 12 ne kuma kuɗin bai wuce dala 275 ba.

To yanzu maganar abokinka. Wallahi kar ka soma. Kaga duk sati sai ka shiga ka tabbatar cewa kana nan, lafiyarka ƙalau, a shirye kake ka kama aiki, kuma ka nemi aiki aƙalla sau uku a satin, har ana so ka rubuta inda ka nema da ranar da wanda ka yi magana da shi don suna iya tambaya. Mutumin da ke zaune a unguwar Aboabo ta Kumasi kusa da gadon mahaifiyarsa ta yaya zai ce a shirye yake ya fita aiki gobe da safe a unguwar Queens ta New York? Doka ta hana karɓa in kana wajen Amurka, in banda Kanada, kuma ba wa wani lambar sirrinka ya cika maka zamba suke ɗaukarsa kai tsaye. In aka gano, za ka mayar da kuɗin, a ƙara maka tarar 15 cikin 100, a hana ka wasu kwanaki na gaba, kuma irin wannan ne abin da zai iya tasowa ranar da ka je neman zama ɗan ƙasa ana duba halinka. Garin neman gira kenan. Shi abokin na san taimako yake nufi, mutanenmu da yawa gani suke ai danna waya ne kawai.

Ka sanar da su kafin ka tashi, ka daina cikawa tsawon tafiyar, in ka dawo ka sake buɗewa, domin buƙatar taka tana raye har shekara guda, satukan da ba ka karɓa ba suna nan.

Haka in ka ɗan taɓa aikin kai abinci ko na kwana ɗaya ne, ka faɗa a satin. Kuɗin kuma ana biyan haraji a kansa, za ka samu takardar 1099-G mai nuna abin da ka karɓa don cika haraji, gara ka zaɓi a riƙa cirewa tun yanzu. In kamfanin ya musa yace kai ka tafi da kanka aka hana ka, kwana 30 kake da su ka nemi a saurare ka, ka ci gaba da cikawa duk sati kana jira, kuma ka ce kana buƙatar tafinta na Hausa, kyauta ne.